Mutuwar ƙashin kwatangwalo: Dashen ƙwayoyin ɓargo na ceton gaɓa, amma sai an zo da wuri

Ciwon kan fara ne a matsematsi, ya sauko cinya, wani lokaci har gwiwa. Daga nan hawa bene ya zama aiki, zaman tahiya ya gagara, mutum ya fara ɗingishi. Da yawa kan ɗauka sanyin ƙashi ne, su yi ta shan maganin kashe zafi, alhali kan ƙashin cinyarsu ne ke mutuwa saboda jini ya daina isa gare shi.

A Najeriya, inda ake haihuwar jarirai kimanin 150,000 da cutar sikila duk shekara, wannan lalura ba baƙuwa ba ce. Ƙwayoyin jinin mai sikila kan lanƙwashe su toshe ƙananan hanyoyin da ke ciyar da ƙashin. Daɗewa ana shan magungunan sitiroyid, yawan shan barasa, da karaya ko gocewar kwatangwalo su ma suna haddasa ta. Idan aka bar ta, kan ƙashin yakan rufta, sai a koma ga sanya gaɓar roba da ƙarfe. Ita kuwa tana da wa'adi: nazarin da mujallar Lancet ta wallafa a 2019 ya nuna kimanin kashi 58 cikin 100 ne ke kai shekara 25. Ɗan shekara 25 da aka sanya wa ita, da wuya ya tsira daga tiyata ta biyu.

Kauce wa hakan ne manufar aikin da Farfesa Philippe Hernigou ya shahara da shi a asibitin Henri Mondor da ke wajen birnin Paris. Ana zuƙo ɓargo daga ƙashin ƙugun majiyyacin, a tace shi da na'ura domin tattara ƙwayoyin halitta na asali masu iya gina sabon ƙashi da hanyoyin jini. Sai a huda siririyar kafa zuwa inda ƙashin ya mutu, a zuba su.

A rahoton da ya fitar a 2002 kan kwatangwalo 189, cikin 145 da aka yi wa aikin kafin ƙashin ya rufta, 9 kacal ne suka buƙaci gaɓar roba daga baya. Cikin 44 da aka yi wa bayan ruftawa kuwa, 25 ne suka buƙace ta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wannan aiki ba shi ne dashen ɓargon da ke warkar da sikila ba, irin wanda aka fara yi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin a 2011. Wancan ɓargon wani ake ɗauko wa majiyyaci. Wannan kuwa nasa ne, kuma gaɓar kawai yake gyarawa, sikilar na nan daram.

Hoton eksire ba ya nuna lalurar a farkonta, na'urar MRI ce ke gano ta. Don haka ma'aikacin da ke da mai sikila a gida, kafin ya ci bashi ya bi tallar wani asibitin ƙetare a intanet, gara ya fara kai shi wurin likitan ƙashi, a Abuja ko a asibitocin ƙashi na tarayya da ke Dala, Igbobi da Enugu. Tambayar farko ita ce: kan ƙashin ya rufta, ko da saura?