Daga Zakirai Zuwa Maɗaba'a: Ina Leyoyin Fosta Suke Ɓacewa?

A Zakirai, hedikwatar ƙaramar hukumar Gabasawa, matashi mai wayar Android zai iya zama da daddare ya haɗa katin ɗaurin aure a PixelLab, ya tura wa mai bugawa a cikin Kano ta WhatsApp. Washegari a ɗage ranar biki. Mai bugawa ya buɗe hoton a CorelDRAW don ya gyara kwanan wata, ya tarar rubutu da hoton ango da bango duk sun manne wuri guda. Ga kuɗin mutane an riga an karɓa.

Leya tamkar ledoji ne garau da aka jera ɗaya bisa ɗaya, kowace da abin da ke kanta. JPG ba ya ajiye su, narkar da su yake yi. PNG ya ɗan fi shi, yana barin bango fayau, amma shi ma leya ɗaya ce. Leyoyin suna zaune ne a fayil ɗin aiki, kuma kowace manhaja da nata: Photoshop na da PSD, GIMP na da XCF, PixelLab na da PLP, wanda CorelDRAW bai san da zamansa ba.

PSD ne ya fi kusa da zama harshen kasuwa. Photopea, da ke aiki kyauta a burauza, yana buɗe shi da leyoyinsa, ibisPaint ma yana fitar da shi. Sai dai ba komai ke tsallakewa lafiya ba. Inuwa da ƙyallin da aka sa wa rubutu kan canja kama, wani lokacin rubutun ya koma hoto, ba ya gyaruwa.

Mafi ciwo shi ne haruffanmu. Idan kwamfutar mai bugawa ba ta da samfurin rubutun da aka yi aiki da shi, sai ta ɗauko wani, wanda wataƙila ba shi da ƙ, ɗ da ɓ. Sai sunan Ɗanladi ya fito da akwati a farkonsa, a kan kati ɗari biyar.

Mai PixelLab yana da dabara. Ya ɓoye dukkan leyoyi, ya riƙa buɗe ɗaya yana fitar da ita a PNG, ba tare da ya taɓa girman shafi ba. Bango daban, hoto daban, kwanan wata daban. Ya haɗa da fayil ɗin samfurin rubutun, da hoton aikin gaba ɗaya don a gwada. Wajen turawa ya zaɓi Document, domin WhatsApp na matse hoton da aka tura ta hanyar da aka saba, kuma fayau ɗin bango ba ya tsira.