Tarihin Ƙasar Hausa a Taskar Katolika

A shekarar 1710 wasu limaman Katolika biyu, Carlo da Genova da Severino da Silesia, suka bar Tarabulus tare da ayarin fatake. Labari ne ya kai musu cewa akwai Kiristoci a ƙasar Kwararrafa. Suka ratsa Fezzan, suka yada zango a Agadas, suka iso Katsina a 1711, inda rashin lafiya ta yi ajalinsu.

Wannan labari a birnin Rum ya tsira, cikin taskar ofishin yaɗa addini da Fadar Paparoma ta kafa a 1622. Daga nan masanin tarihi Richard Gray ya tono shi, ya wallafa a 1967. Abin da ya fi jan hankalin Bahaushe a ciki shi ne hanyar: shekara 300 da suka wuce, baƙo kan taso daga bakin Bahar Rum ya bi ayari har Katsina.

Mutumin Magarya ko Dungas, a jihar Damagaram ta Nijar, na iya cewa ina ruwansa, tunda kusan kowa a yankin Musulmi ne. To, ai limamin mishan ba baftisma kaɗai yake rubutawa ba. Al'adarsu ce su riƙe littafin abubuwan yau da kullum: yadda damina ta kasance, zuwan fara, tsadar hatsi, annoba, rasuwar sarki. Irin abin da tsofaffi kan ce "shekarar yunwa", shi yakan sa masa rana da wata. Sai dai idon baƙo ne, mai manufarsa, don haka dole a gwada maganarsa da ta dattawa da takardun malamai.

Cocin Katolika ya zauna a Yamai tun 1931, kuma tun 2001 jihar Damagaram, har da Magarya da Dungas, tana ƙarƙashin bishop na Maraɗi. Tsofaffin takardun kuwa sun warwatsu tsakanin Nijar da Turai, galibi da Faransanci, wasu da Italiyanci, wanda ke nufin ɗalibin Jami'ar André Salifou ta Damagaram na buƙatar harshe da kuɗin jirgi kafin ya karanta tarihin ƙasarsa.

Takardun da ke gida ma suna cikin haɗari. Ban da gara da ɗigar ruwa, ranar 16 ga Janairu 2015 masu zanga-zanga sun cinna wa cocin Katolika na Damagaram wuta.