Buhu Ɗaya, Baro Nawa?

A wurin gini a Gawu Babangida, hedikwatar ƙaramar hukumar Gurara, mutum zai ji Hausa da Gwari da Turancin buroka duk a bakin rami ɗaya. Bambancin yaren bai cika jawo ɓarna ba, don wanda bai gane ba yakan tambaya. Ɓarnar tana zuwa ne daga kalmar da kowa ke ganin ya gane.

Ga misalin kwaɓin kankare. Injiniya zai ce a yi “ɗaya, biyu, huɗu”, ya hau mota ya kama hanyar Suleja. Nufinsa awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, duka da ma’auni guda. Buhun siminti mai kilo 50 yana cika kwanon sarki kusan biyu, ke nan buhu ɗaya na buƙatar kwano huɗu na yashi da takwas na tsakuwa. To amma idan lebura ya ɗauka buhu ɗaya ne, baro biyu, baro huɗu fa? Baro yana cin wajen kwano huɗu. Yashi da tsakuwa sun ninka, siminti yana nan yadda yake. A ido kwaɓin lafiya lau. Sai bayan an cire katako, ginshiƙi ya fara zubar da gari idan an kankare shi da ƙusa, sannan a shiga nuna wa juna yatsa: “Oga, ai abin da ka ce na yi.” Kuma gaskiyarsa ce.

Ita kanta kalmar “kwano” rikici ce. A bakin kafinta rufi ne, a bakin birkila ma’aunin yashi, a kasuwar Lambata kuwa awon hatsi. Haka fili: ana cewa “hamsin da ɗari” ba a faɗin ƙafa ko mita, alhali mita ɗaya ta haura ƙafa uku.

Kada a ce rashin boko ne. A watan Yulin 1983, jirgin Air Canada ƙirar Boeing 767 ya tashi daga Montreal zuwa Edmonton yana buƙatar mai kilo 22,300. Kamfanin na cikin sauya ma’auni a lokacin, sai aka yi lissafi da laba a madadin kilo. Laba ba ta kai rabin kilo ba, don haka man ya ƙare a sararin sama. Matuƙin ya lallaɓa ya sauke jirgin ba inji a wani tsohon filin jirgin soja a Gimli, Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Ƙwararru ne duka, kowa ya ga lamba, ba wanda ya tsaya kan abin da lambar ke aunawa.

A wurin gini, gyaran ba ya cin ko sisi. Mai ba da umarni ya ɗaga ma’aunin da hannunsa a gaban kowa, ya ce da wannan za a auna. Wanda aka aika sayen rodi ya maimaita kaurinsa, milimita 12 ne ko 16, kafin ya hau babur. Yaran aiki da yawa suna jin nauyin sake tambayar oga, gudun tsawa, shi ya sa ogan ne ya kamata ya fara cewa, “Maimaita min abin da na ce.” Mai gida kuma, tunda kuɗinsa ne ake kwaɓawa, ya zo ranar zuba dakin ya ƙirga kwanukan da kansa.