Wa Zai Biya Kuɗin Rijiyar Da Ta Ƙi Ba Da Ruwa?

A watan Nuwamba na 1930, ɗaliban wata makarantar firamare mai suna Austurbaejarskoli a Reykjavik, babban birnin Ayislan, suka zauna a azuzuwa masu ɗumi ba tare da an ƙona ko ɓarɓashin kwal ba. Ruwan zafi aka janyo musu ta bututu mai tsawon kilomita 3 daga Laugardalur, wani kwari da matan birnin suka daɗe suna kai wanki saboda maɓuɓɓugarsa mai tururi. Daga makarantar aka kai bututun asibitin ƙasa, sannan gidaje kusan 60. A 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, aka kammala wani bututun mafi tsawo daga yankin Reykir, hayaƙin kwal da ya saba lulluɓe birnin ya soma washewa.

A yau kusan gidaje tara cikin goma a Ayislan da ruwan ƙarƙashin ƙasa ake ɗumama su. Masu ba da labarin sukan tsaya kan baiwar da Allah Ya yi wa tsibirin, wanda ke zaune a kan duwatsu masu aman wuta. Baiwar tana nan tun fil azal, amma har zuwa 1970 fiye da rabin jama'ar ƙasar da man da ake shigowa da shi daga waje suke korar sanyi. Abin da ya sauya lissafin yana cikin ƙa'idojin wani asusun gwamnati, kuma bai wuce sharaɗi guda ba.

Ɗumama gari ta wannan hanya ba shi da wuyar fahimta. Ana haƙa rijiya har a iske ruwa mai zafi, a tura shi ta bututu zuwa unguwanni, kowane gida ya ja zafin da yake bukata, ya biya kuɗi a ƙarshen wata. Da zarar rijiya ta yi kyau, babu sauran sayen mai ko iskar gas, aiki ya koma kula da famfuna da bututai na shekaru masu yawa. Matsalar duk tana farko. Duk wanda ya taɓa biyan masu haƙa burtsatse suka tattara injinsu suka bar shi da rami busasshe ya san zafin abin. To, a nan ramin kan kai zurfin kilomita biyu ko fiye, kuɗinsa miliyoyi ne na kuɗin Turai, kuma duk binciken da masana za su yi daga sama ba ya ba da tabbacin yawan ruwa da zafinsa sai haƙori ya isa wurin. Ga banki, wannan cinikin biri a sama ne. Ga shugaban ƙaramin gari mai mutum dubu uku, rijiya ɗaya da ta ƙi ba da ruwa na iya cinye kasafin shekaru, ta haɗa da kujerarsa.

A 1961 gwamnatin Ayislan ta kafa asusun zafin ƙarƙashin ƙasa, sannan a 1967 ta haɗe shi da na lantarki ya zama Asusun Makamashi na Ƙasa. Asusun yana bai wa ƙananan hukumomi da kamfanoni da manoma rancen da ya kai kashi 60 cikin ɗari na kuɗin haƙa. Idan rijiya ta ba da ruwa, mai ita ya biya bashinsa daga kuɗin da masu gidaje ke biya. Idan ta ƙi, ana iya mayar da rancen ya zama tallafi, a yafe. Gwamnati ba ta ce za ta gina wa kowa komai kyauta ba, ba ta kuma karɓe aikin daga hannun garuruwa ba. Ta ɗauki ɓangare guda wanda babu mai iya ɗauka shi kaɗai, wato asarar rijiyar farko, ta raba shi a kan rijiyoyi ɗaruruwa, inda nasarar mafi yawa ke rufe faɗuwar 'yan kaɗan.

Hikimar ba ta bayyana sosai ba sai da farashin mai ya yi tashin gwauron zabo a 1973, ya sake yi a 1979. Ƙasashe da dama a lokacin ne suka soma kafa kwamitoci. Ayislan kuwa tana da asusu mai aiki, da hukumar makamashi mai masana da taswirori, da injinan haƙa mallakar gwamnati. Garuruwa suka yi layi. Zuwa tsakiyar shekarun 1980 gidajen da ke dogaro da mai sun zama 'yan tsiraru.

Ba a ko'ina abin ya tafi salin-alin ba. Akureyri, gari mafi girma a arewacin ƙasar, ya shafe shekaru yana neman ruwan zafi kafin a dace a Laugaland a 1975. Aka kafa kamfanin ɗumama garin a 1977, aka ci bashi mai nauyi, aka shimfiɗa bututai. Ba a jima ba ta bayyana cewa rijiyoyin ba za su iya ba da yawan ruwan da aka yi hasashe ba. Mutanen garin suka daɗe suna biyan kuɗin ɗumi mai tsada fiye da na Reykjavik, sai da aka samu wani wuri mai wadataccen ruwa a Hjalteyri a farkon shekarun 2000 sannan suka numfasa. Ashe akwai haɗari na biyu da asusun bai hango ba: rijiyar da ta yi kyau a ranar gwaji, ta rame bayan shekara biyar.

Faransa ce ta yi wa wannan haɗarin tanadi, ita ma bayan ta sha wuya. A ƙarƙashin yankin Paris akwai wani shimfiɗaɗɗen dutse mai riƙe ruwa da ake kira Dogger, a zurfin mita 1,500 zuwa 2,000, ruwansa na da zafin digiri 55 zuwa 85 a ma'aunin Salshiyas. Ruwan gishiri ne da ba a iya zubarwa a kogi, don haka tun daga aikin farko a Melun a 1969 ake haƙa rijiyoyi biyu-biyu: ɗaya ta fito da ruwan, a zare zafinsa, ɗayar ta mayar da shi inda ya fito. A farkon shekarun 1980 gwamnati ta kafa asusun lamuni mai fuska biyu. Fuskar farko tana mayar wa mai aiki mafi yawan kuɗin haƙa idan rijiya ta gaza, har kashi 90 cikin ɗari a yankunan da hukumarsu ta ƙara nata kason. Ta biyu tana kare shi na tsawon shekaru idan ruwa ya ragu ko ya huce. Masu ayyuka suna zuba nasu kuɗin a asusun, kamar kowace inshora.

Unguwannin talakawa da ke kewayen Paris, masu dogayen benaye na gidajen haya, su suka fi cin moriya, aka haƙa rijiyoyi gommai cikin 'yan shekaru. Sai farashin mai ya faɗi warwas a 1986. Kuɗin da ake cajin masu haya an ɗaure shi da farashin mai, bashin da ƙananan hukumomi suka ci kuma na lokacin tsadar kuɗin ruwa ne, ga tsatsa na cin bututai fiye da yadda aka zata. Aka rufe ayyuka da dama, kuma kusan shekara ashirin harkar ta yi kwanciyar magirbi. Ba ta farfaɗo sosai ba sai bayan da aka kafa Asusun Zafi a 2009 ƙarƙashin hukumar ADEME, wanda ke ba da tallafin gina bututai da tashoshi, yayin da asusun lamunin ke ci gaba da ɗaukar haɗarin rijiya. Yanzu yankin Paris na da irin waɗannan tsare-tsare kusan 50. Darasin 1986 mai ɗaci ne ga masu rubuta manufofi: lamunin ya kare garuruwa daga abin da ke ƙarƙashin ƙasa, bai kare su daga kasuwa ba.

Inda kariyar ta yi ƙaranci, faɗuwa ɗaya kan isa ta rufe babin. A 2010 mazauna St. Gallen a ƙasar Suwizalan suka amince a ƙuri'ar raba gardama, da rinjayen sama da kashi 80 cikin ɗari, a kashe faran miliyan 159 kan rijiyar zafi da faɗaɗa bututan ɗumama birnin. Aka haƙa sama da mita 4,000. A ranar 20 ga Yuli, 2013, bayan iskar gas ta kunno cikin rijiyar aka kuma danna ruwa don taushe ta, girgizar ƙasa mai maki 3.5 ta tayar da mutane daga barci. Ruwan da aka samu bai kai kusa da abin da ake bukata ba, kuma a 2014 aka yi watsi da aikin. Lamunin gwamnatin tarayya a lokacin bai wuce rabin kuɗin haƙa da gwaji ba, sauran ya faɗa kan birnin.

Girgizar ta tuno da wani abu da kuɗi ba ya saye. A Basel, a ƙasar ta Suwizalan, irin wannan girgiza ce ta kashe wani aiki a 2006. A Staufen ta Jamus kuwa, 'yan rijiyoyi marasa zurfi da aka haƙa a 2007 don ɗumama ofishin magajin gari suka bar ruwa ya shiga wani dutse mai kumbura, ƙasa ta ɗago, gine-gine sama da 200 suka tsattsage. Asusun da ke yafe asara ba tare da tsaurara binciken inda za a haƙa da wanda zai haƙa ba, kiran ɓarna yake yi. A Ayislan da Faransa, masana ne ke tantance kowace bukata kafin a saki ko sisi, kuma mai aiki yana da nasa kuɗin a cikin ramin, don haka ba zai so ya haƙa a banza ba.

Jamus ce ƙasar da ake zuba wa ido yanzu. Bayan da iskar gas ta Rasha ta yanke a 2022, gwamnati ta ƙaddamar a watan Satumba na shekarar da shirin tallafin hanyoyin ɗumama gari da ake kira BEW, mai kusan yuro biliyan 3 zuwa 2026, wanda ke biyan har kashi 40 cikin ɗari na kuɗin gini. Kuɗi ne mai tsoka, ya ninka abin da asusun Ayislan ya taɓa gani nesa ba kusa ba. Ga birni kamar Munich, wanda ke zaune a kan dutse mai ruwan zafi da aka riga aka sani, wanda kamfaninsa na birni ke haƙa tun aikin unguwar Riem a 2004, tallafin ƙari ne a kan ƙarfi. Amma shirin, yadda aka tsara shi a 2022, rage tsadar aiki yake yi, ba ya ɗauke asarar rijiyar da ta gaza, abin da ya sa ƙungiyoyin kamfanonin birane suka yi ta kiran a samar da inshora ta musamman. Suna da hujja a kusa: a Geretsried, tafiyar ƙasa da sa'a ɗaya kudu da Munich, an haƙa kusan mita 6,000 a 2013, aka iske zafi mai yawa amma babu isasshen ruwa, yunƙuri na biyu a 2017 ma bai yi nasara ba.

Ita Ayislan, saura 'yan yankunan da ake kira masu sanyi, inda har yanzu ake ɗumama gidaje da lantarki, gwamnati na biyan wani kaso na kuɗin duk shekara. Dokar ƙasar ta ba da dama a tattara tallafin shekaru da dama a miƙa shi a dunƙule ga garin da ya samu ruwan zafi ya shimfiɗa bututu, daga nan a cire gidajensa daga jerin masu karɓar tallafi. Gwamnati kuma tana ci gaba da ba da kuɗin neman ruwa a waɗannan yankuna, wasunsu wuraren da aka taɓa haƙawa aka tashi hannu wofi.