Canjin fok na tsohon keke: a auna kafin a saya

 Yau za mu yi magana a kan keke.

Ƙasar Adar ƙasar duwatsu ce. Wanda ya taɓa hawan keke daga Keita zuwa Tamaske, ko Ibohaman, ko Buza, ya san gangara da ramukan hanya. Ga buhun albasa a baya, ga jarkar ruwa. Idan ƙafar gaba ta faɗa rami, ƙarfen da ke shan dukan shi ne fok. Fok shi ne ƙarfen nan mai rassa biyu da ke riƙe da ƙafar gaba. Wuyansa yana shiga cikin jikin keke, ƙaho kuma yana shiga cikin wuyan.

Yaya za ka gane fok ya lalace? Alamu uku ne. Na ɗaya, keke yana jan ka gefe guda. Na biyu, ƙafar gaba ta matso baya, kusa da jikin keke. Na uku, fenti ya tattare ko ya fashe a wurin da rassan suka haɗu da wuya. Ka goge wurin, ka duba da rana. In ka ga tsaga, ko da siririya ce kamar gashi, ka sauka. Fok mai tsaga ba ya sallama ranar da zai karye, kuma mahayi da fuska yake faɗuwa.

Wasu suna kai shi a yi masa walda. Wannan araha ce mai tsada. Wuta tana raunana ƙarfen, sai ya sake tsagewa a gefen waldar. Ƴar lanƙwasa kaɗan, gwanin mai gyara yana iya miƙe ta. Amma tsaga, maganinta canji.

To, ga inda mutane suke asarar kuɗi. Fok ba duka ɗaya ba ne. Tsohon Peugeot na Faransa, kaurin wuyansa milimita 25 ne. Awon Ingila kuwa inci ɗaya ne, wato milimita 25.4. Ido ba ya ganin wannan bambanci, amma noti yana ganinsa. Haka kuma haƙoran wuya, wato zanen da noti yake bi. Yawancin kekuna masu awon Ingila suna da haƙora 24 a inci ɗaya. Tsohon Raleigh da aka ƙera a Notingam yana da 26. In ka tilasta notin wannan a kan wancan, haƙoran za su cinye, ka rasa duka biyu.

Saboda haka, in za ka kasuwar Tawa ko Madawa, ka tafi da tsohon fok da notinsa da ƙaho. Ka gwada abu huɗu:

1. Noti ya shiga da hannu, ba da ƙarfi ba.
2. Tsawon wuya ya yi daidai. Dogo ana iya rage shi. Gajere ba shi da amfani.
3. Ƙaho ya shiga cikin wuyan, ba ya lilo.
4. Tsawon rassa ya dace da ƙafarka. Lambar girman ƙafa tana rubuce a jikin taya, kamar 28 ko 700. Ka karanta ta, ka rubuta a takarda. Ka ga ranar karatu ke nan.

Yanzu sai aikin. Ka shimfiɗa tsumma a ƙasa. Ka cire ƙafar gaba da birki. Ka sassauta notin da ke tsakiyar ƙaho, ka ɗan buga shi ƙasa, ka zare ƙaho. Ka kwance notocin wuya, kana jera su yadda suka fito. Ka zare fok a hankali, don ƙananan ƙwallayen ƙarfe, ƴaƴan boris, za su zubo. Ka ƙirga na sama dabam, na ƙasa dabam. Ka wanke su da kananzir. Wanda ya ci, a canja shi.

A gindin tsohon wuya akwai zobe da ƙwallayen ke gudu a kansa. A mayar da shi kan sabon fok, ya zauna daram. Ka shafa giris, ka jera ƙwallaye, ka sa fok, ka ɗaura notoci. Kada su yi sako-sako, kada su yi tsauri. Ƙaho ya nutse sosai cikin wuya kafin ka ɗaure.

Daga ƙarshe ka gwada. Ka kama birkin gaba, ka tura keke gaba da baya. In ka ji ƙwas-ƙwas, ka ƙara ɗaurewa. Ka ɗaga gaban keke, ka juya ƙaho dama da hagu. In ya juya sumul, aiki ya yi.

Tambayar da za ku tattauna da malaminku: me ya sa ake tafiya kasuwa da tsohon fok? Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Mu kwana lafiya.