Bangon Littafi Da Idon Mai Saye A Bakin Iyaka

Littafin Hausa da aka buga a Kano yakan sha doguwar tafiya kafin ya iso hannun mai karatu a Araba, kusa da Illela a bakin iyakar Nijar. Sai ya bi ta Funtuwa da Gusau ya sauka Sakkwato, daga nan ya kama hanyar Kware da Gwadabawa har Illela, tafiyar sama da kilomita 80 daga birnin Shehu. Marubucin ba ya biyo shi. Ba a tallata shi a rediyo, ba jaridar da ta yi sharhi a kansa. Shi kansa mai sayarwar sau da yawa bai karanta ba. Sari ya yi, ya baza a tabarma ko tebur ranar Lahadi, ranar da kasuwar Illela ke ci. Abin da ya rage da zai yi magana da yawun marubuci shi ne bangon littafin.

A nan bakin iyaka aikin bango ya fi na ko'ina nauyi. Mutumin Araba da na Birnin Ƙonni ta Nijar Hausa ɗaya suke ji, amma ba karatu ɗaya suka yi ba. Wani boko ya yi da Turanci, wani lakwal ya shiga ya koyi Faransanci, wani kuma allo ne iyakarsa, ajami ya fi masa sauƙi. Sunan littafi da haruffan boko na iya ɗaukar wasu lokaci suna haɗa baƙi, hoto kuwa duk tare suke karanta shi. Budurwa ta yi tagumi, saurayi ya jingina da mota, jarumi ya zare takobi a gaban dodo: mai naira da mai sefa duk sun gane irin labarin da ke ciki kafin a yi ciniki. Tun da Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025, akwai kyakkyawan zaton masu neman abin karantawa da Hausa a tsallaken iyaka za su ƙaru, kuma da bango za su fara cin karo.

Me ke sa ido ya tsaya a kan bango ɗaya cikin talatin? Masu binciken gani sun daɗe da bin diddigin wannan. Wani masani ɗan Rasha, Alfred Yarbus, ya ƙera na'urar da ke bin motsin ƙwayar ido, ya nuna a shekarun 1960 cewa ido ba ya sharar hoto gaba ɗaya. Tsalle yake yi daga wuri zuwa wuri, kuma idan akwai mutum a hoton, idanu da baki yake yawan komawa. A 1997 Nancy Kanwisher da abokan aikinta a Amurka suka bayyana wani yanki na ƙwaƙwalwa da ke zabura musamman idan an ga fuska. Jariri ma da kwanakinsa kaɗan ya fi bin abin da ya yi kama da fuska da kallo. Bahaushe ya riga ya faɗa, labarin zuciya a tambayi fuska, kuma mai zanen bango da wannan yake cin abinci. Idan ya sa matar da ke hoton ta dubi gefe a firgice, idon mai saye zai bi inda ta duba, ya nemi abin da ya tsorata ta. Idan bai same shi a bango ba, sai ya buɗe ciki.

Wannan "bai same shi ba" shi ne asirin sana'ar. George Loewenstein ya yi bayani a 1994 cewa son sani yakan taso ne idan mutum ya san wani abu kaɗan, ya kuma lura akwai giɓin da bai cike ba. Wanda bai san komai ba, ba ya jin ƙaiƙayi. Wanda ya san duka, ya huta. Bango mai kyau yakan tsayar da labari ne dab da aukuwar abu: takobi ya ɗagu bai sauka ba, ƙofa ta buɗe ba a ga mai shigowa ba, amarya na cikin lulluɓi amma hawaye take yi.

Ba inda aka ƙware a wannan kamar a littattafan labari cikin zane na Amurka, waɗanda ake fitarwa wata-wata, kowane da lambarsa. A 1938 aka fitar da Action Comics na ɗaya, ana sayar da shi senti 10. A bangonsa wani ƙato ne sanye da shuɗi da ja ya ɗaga koriyar mota sama yana maka ta da dutse, mutane na gudu, ɗaya ya dafe kai da hannu biyu yana tunkaro mai kallo. Ba a rubuta sunan ƙaton a bangon ba. Yaron da ya gani dole ya tambayi kansa: wane ne wannan, kuma mugu ne ko mai ceto? Superman ke nan ranar da ya fara fitowa. A watan Afrilun 2024 an yi gwanjon kwafi ɗaya na wannan fitowa a kan dala miliyan 6.

Daga baya abin ya zama tsari. Shagunan jarida kan jera mujallu wata a bayan wata, saman kowace kaɗai ke leƙowa, shi ya sa ake dasa suna a can sama da manyan haruffa. A kamfanin DC, edita Julius Schwartz kan sa a zana bango tukuna, sannan a ba marubuci ya ƙago labarin da zai dace da shi. A shekarun 1950 suka lura duk fitowar da aka sa goggon biri a bangonta ta fi saura tafiya, sai goggon biri ya cika musu bangaye. A 1991 kamfanin Marvel ya fitar da X-Men na ɗaya da bango iri biyar, labari ɗaya a ciki, aka sayar da sama da kwafi miliyan 8, don da yawa sun sayi duka biyar suna zaton ajiyarsu za ta zama dukiya. Ba a yi shekaru da yawa ba kasuwar ta faɗi, shaguna masu yawa suka rufe. Bango ya janyo kuɗi, amma bai haifar da masu karatu ba.

Mu ma ba baƙin wannan harka ba ne. Waɗanda suka tasa a ƙarshen shekarun 1960 suna tuna mujallar African Film ta kamfanin Drum, mai labarin Lance Spearman cikin hotuna, da hularsa da bindigarsa a bango. Wale Adenuga ya fito da Ikebe Super a 1976. A ɓangaren Nijar yaran lakwal sun san Kouakou da Tintin. Sai dai inda bango ya yi aiki sosai a ƙasar Hausa shi ne littattafan da Farfesa Ibrahim Malumfashi ya kira Adabin Kasuwar Kano.

Littattafan farko da suka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, irin su Ruwan Bagaja da Shaihu Umar da Ganɗoki, ba su dogara da bango ba. Makaranta ce kasuwarsu. Malami ya ce a saya, a saya. Amma da tattalin arziki ya tsuke a shekarun 1980, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya, sai marubuta suka fara buga littattafansu da kuɗin aljihunsu. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, Ado Ahmad Gidan Dabino ya biyo da In Da So Da Ƙauna a farkon shekarun 1990, Bilkisu Ahmed Funtuwa da wasu da dama suka cika kasuwa. Wanda ya ranto kuɗi ya kai maɗaba'a, kwantai ne babban abin tsoronsa. Ba manhajar da za ta tilasta wa kowa saye, don haka dole bango ya yi kira.

Da farko da hannu ake zanawa, kala ɗaya ko biyu, don buga kala cikakka na buƙatar takarda ta bi ta tawada huɗu, shuɗi da ja-ja da rawaya da baƙi, kowace da kuɗinta. Cikin littafin takarda ce mai araha, amma bango ake kashe wa kuɗi. Masu baza kaya a rana irin ta Illela sun san wani abu da masu zane a birni kan manta: ja da rawaya su ke fara koɗewa, shuɗi ya rage shi kaɗai, littafin da ya yi makonni a fili sai ya koma kamar tsohon kaya ko da ba wanda ya taɓa buɗe shi. Shi ya sa ake sa su a leda, ledar kuma ta hana mai saye leƙa ciki, nauyin duka ya sake komawa kan bango.

Ga kuma al'adar raba labari kashi-kashi, na ɗaya, na biyu, na uku, wadda ita ce ta fi kusa da tsarin fitowar wata-wata ta Amurka. Na ɗaya yakan ƙare a daidai inda zuciya ta rataya. Bangon na biyu sau da yawa hoto ɗaya ne da na farko, lamba ko launi kawai aka sauya, don yarinyar da aka aiko daga cikin gida ta gane shi daga nesa ta ce, "Malam, na biyun wannan aka ce in karɓo." Matan da ke cikin kulle, waɗanda su ne ƙashin bayan wannan kasuwa, da yawa ba su taɓa tsayawa gaban tebur ba. Da siffar bango suke aike: mai matar nan da jan gyale. Littattafan yaƙi kuwa, irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini, samari suka fi ja, da mayaƙa da takubba da aljanu a bangonsu, kuma su ne suka fi kama da na Amurka a zubi.

Da kwamfuta ta shigo, finafinan Hausa kuma suka bunƙasa, mujallar Fim ta Ibrahim Sheme ta fara fitowa a 1999 da fuskokin taurari a gabanta, sai zanen hannu ya fara ja da baya. Ya fi sauƙi a yanko hoton jarumar fim ɗin Indiya ko ta Kano, a liƙa gidan bene da mota a bayanta. A nan ne nake ganin an yi asara biyu. Ta farko, bango ya daina fitowa daga cikin labari. Za ka ga fuskar da ba ta da alaƙa da kowa a littafin, wani lokaci fuska ɗaya a kan littattafai uku na marubuta daban-daban. Mai karatu da aka yi wa haka sau biyu, sau uku, sai ya daina yarda da hoto, ya koma tambayar sunan marubuci kawai, sabon marubuci kuwa ya rasa ƙofar shiga. Ta biyu ta fi ci mini rai: yaron Araba zai girma yana kallon bangaye bai taɓa ganin garinsu a kai ba. Ba raƙumi da kayan albasa, ba kara ta shanu, ba ɗan kabu-kabu da ke tsallaka iyaka kafin hantsi, ba rumbun gero. Alhali a nan akwai labaran da suka isa a zana: rufe iyakar da aka yi a 2019 da wadda aka sake yi a 2023 sun raba 'yan uwa da masoya da abokan ciniki, kuma duk wanda ya rayu a lokacin ya san irin fuskokin da aka gani.

Bango kan jawo wa littafi fitina kamar yadda yake jawo masa kasuwa, don mai hukunci ma da shi yake fara cin karo. A 1954, a zaman wani kwamitin majalisar dattawan Amurka, Sanata Estes Kefauver ya ɗaga wata mujalla mai zanen mutum riƙe da gatari da yankakken kai, ya tuhumi mawallafinta William Gaines a kan ko wannan ya dace. A shekarar kamfanonin suka kafa wa kansu hukumar tacewa, tambarinta kuma a bango ake manna shi. A Kano, a 2007, hukumar A Daidaita Sahu ta gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta ƙona littattafan Hausa a bainar jama'a, daga baya hukumar tace finafinai ta nemi marubuta su yi rajista. Damuwar iyaye game da tarbiyya gaskiya ce, ban raina ta ba. Amma littattafai da yawa da ke magana a kan auren dole da karatun 'ya mace da haƙƙin matar da aka saka sun sha zargi saboda hoton da marubuciyar ba ita ta zaɓa ba. Ga wanda ke ƙyamar hoton mai rai kuma, muna da gadon da bai buƙatarsa: zayyanar allo da ta Alƙur'ani rubutun hannu, da adon dukawan Sakkwato a kan fata, sun isa su tsayar da ido daga nesa.

Yau yawancin labaran sun koma waya. Ana tura su babi-babi ta WhatsApp, ana sa su a Wattpad, ana karanta su da murya a YouTube, a Araba da Ƙonni kuma ana tura wa juna daga waya zuwa waya. Bangon ya ƙanƙance bai fi kan ɗan yatsa ba, shi ya sa fuska ta ƙara girma, rubutu ya ƙara kauri. Da yawa yanzu na'ura ake ba umarni ta haɗa hoton cikin daƙiƙa, ta fito da mace mai sheƙi wadda ɗaurin ɗankwalinta ba na ko'ina ba ne.

Masu zane kuwa suna nan. Su ne ke rubuta allunan shaguna, suke ƙawata bayan manyan motocin da ke bin hanyar Illela, suke zana hoton aski a ƙofar mai aski. Jerry Siegel da Joe Shuster, waɗanda suka ƙirƙiri Superman, dala 130 aka biya su a 1938 suka rabu da haƙƙinsa, sai a tsakiyar shekarun 1970 aka mayar da sunayensu kan littattafan aka yanka musu fansho, bayan sun tsufa cikin rashi. Namu masu zanen bangon shekarun 1980 da 1990, galibinsu ɗan sa hannu ne kawai a kusurwa, wasu ko shi babu. Marubucin da ke shirin fitar da littafi bana, a takarda ko a waya, yana iya ba mai zane labarin ya karanta tukuna, ya biya shi, ya kuma buga cikakken sunansa a shafin farko tare da na maɗaba'a.