Ɗan Makaranta Amana Ne: Darasi Daga Ruwan Bagwai

Bayan godiya ga Allah da salati ga Manzonsa (SAW), ya kai mai karatu, ko ɗalibi ne kai ko uba, ke ma uwa da ake karanta miki wannan a tsakar gida, ina roƙon aron hankalinku.

Ran Talata, 30 ga Nuwamba 2021, da yamma, wani kwalekwale ya taso daga ƙauyen Badau zai ƙetare dam ɗin Watari zuwa Bagwai. Galibin waɗanda ke ciki 'yan Islamiyya ne, sun ci ado za su wurin Maulidi. Jirgin bai kai gaci ba, ya kife. Zuwa washegari an tsamo gawa 29, yawanci yara ƙanana, daga baya adadin ya ƙaru. Inna lillahi. Jami'an da suka yi aikin ceto sun ce lodi ne ya yi yawa. Kuma ba wannan ne karo na farko ba, don a 2008 ma wannan ruwa ya ci 'yan biki masu yawa.

A cikin watan nan na Nuwamba dai, ran 8 ga wata, gobara ta tashi a wata firamare a Maraɗi, inda azuzuwan na zana ne da itace. Yara fiye da 20 suka rasu.

To, da an kawo irin wannan zance sai ka ji an ce, "Ai kwana ne ya ƙare." Gaskiya ne, babu mai wuce ajalinsa, kuma imani da ƙaddara rukuni ne. Amma a tuna, Sayyidina Umar (RA) ya kama hanyar Sham, da ya sami labarin annoba ta ɓarke can sai ya juyo da jama'arsa Madina. Shin mun fi Umar tawakkali ne? Malaman usulu, irin su Imam Gazali da Shaɗibi, sun lissafa abubuwa biyar da Shari'a ta zo ta tsare: addini, rai, hankali, zuriya da dukiya. Ka ga ke nan tsare ran yaro ba al'adar Turawa ba ce da aka kawo mana. Wanda aka ba yara ya yi sakaci, ƙaddara ba ta wanke shi daga tambaya.

Me ke kifar da jirgi? Duk nauyin da aka ƙara, bakinsa ƙara kusantar ruwa yake yi, har ya rage 'yan yatsu kaɗan. Babba zai zauna cik. Yaro kuwa ba ya zama; ɗaya ya leƙa, sauran su tashi su ga abin da ya gani, nauyi ya koma gefe guda, shi ke nan. Don haka lissafin "ai yara ne, ba su da nauyi" kuskure ne babba. Haka yake a akori-kura ko a kan babur ɗin da aka jera wa yara biyar za a tafi musabaƙa. Malami ya ƙirga, in wuri bai isa ba a yi sawu biyu. In kuɗin sawu biyu babu, a fasa. Gara yara su yi kukan an hana su zuwa.

Amma galibinmu ba mu da dam a kusa. Abin da muke da shi kududdufi ne, kowane gari da nasa, inda aka haƙi ƙasar gini. Da rani rami ne, yara na wasa ciki, sun san shi sarai. Da marka ta sauka sai ya cika, yaro yana ganin wurin wasansa ne na jiya, alhali yanzu ya fi ƙarfin tsawon babansa, ga taɓo a ƙasa mai riƙe ƙafa.

Ɗalibai, ku saurara da kyau a nan. Wanda ruwa ke ci yawanci ba ya ihu, don bakinsa neman iska yake yi. Za ka ga kai yana nitso yana ɓullowa kawai, kamar wasa. In ka ga haka kada ka faɗa ciki, ko da ƙanenka ne, domin mai nitsewa ƙanƙame mai cetonsa yake yi su tafi tare. Ka ƙwala ihu, ka miƙa masa doguwar sanda ko igiya kana kwance a bakin gaɓa, ko ka jefa masa jarkar da ba kome ciki, a rufe. Manya kuma, in an fito da yaro ba ya numfashi, a bar ɓata lokaci wajen juya shi ƙasa ko matsa masa ciki. A kwantar da shi rigingine, a hura masa iska a baki, a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa. Ko ya farfaɗo a kai shi asibiti, don huhu kan tayar da ciwo daga baya.

Sauran kuwa kun san su: rijiya ba murfi, tsohuwar katangar da ruwa ya jiƙe yara na karatu a gindinta, kwalbar maganin feshi da aka mayar ta ruwan sha, da tsallaka babban titi irin na Bichi ko Ɗambatta ranar kasuwa.

Mu malamai, bari in taɓa kanmu. Muhammadu ɗan Sahnun, malamin Malikiyya na Ƙairawan da ya rasu a 256 bayan Hijira, ya wallafa littafi kan ladubban malamai. A ciki ya hana malami aiken ɗalibai buƙatun kansa, ya kuma taƙaita bulala, ya hana dukan kai da fuska. Yau fiye da shekara dubu ke nan, amma har yanzu ana tura yaro ɗebo wa malam ruwa ko yi wa akuyarsa ciyawa a lokacin darasi. Ni kaina na taɓa aiken wani yaro sayo alli, ya daɗe bai dawo ba. Abin da na ji a raina kafin ya ɓullo, Allah kaɗai Ya sani. Tun ranar ban ƙara ba.

Abin da muke nema gare ku iyaye kaɗan ne. In yaro ba zai zo ba, a aiko a faɗa, don in mun kira suna ba mu gan shi ba mu san ko yana gida ko a bi sawu. Kada a aiko baƙon fuska ɗaukar yaro. In ɗanki ya dawo ya ce wani babba ya taɓa shi inda bai kamata ba, ko ya ba shi kuɗi ya ce kada ya faɗa, kada ki rufe masa baki da tsawa. Ki saurare shi, a sanar da shugaban makaranta da mai unguwa, ko wane ne mutumin. Kuma duk tafiyar da za a yi da yara, uba yana da haƙƙin ya zo ya ga motar da idonsa, ya tambayi mutum nawa za ta ɗauka da malamin da zai raka su, kafin ya ce ya yarda.